Sunan da Inna Ƙaltume Ta Samo a Hanyar Badr

Duk faɗin Madina, daga bakin Masallacin Annabi har Bi'ir Ali, mutum ɗaya ne ke amsa sunan Ebarhat. Ni na fi kowa sani, domin shekara da shekaru rumfata ta shayi tana manne da tasa a bakin miƙati. Harami yake sayarwa, fararen mayafan nan biyu da alhazai ke ɗaurawa, da silifa da lema. Dogo ne, mai sanyin magana har ya ba ka haushi. In alhaji ya yi masa tayin wulaƙanci sai ya yi murmushi, ni Jumare in zabura daga bayan tukunya in ari faɗan da ba nawa ba.

Sunan nan ya ga ta kansa a bakin mutane. Larabawa su ce Barhat, 'yan Sudan su ce Abarhat, yara su faɗi abin da ya zo musu. Kowa ya tambaye shi ma'ana sai ya ɗaga kafaɗa ya ce a tambayi Inna, kuma ba mai tambayar mahaifiyarsa Inna Ƙaltume abu sau biyu.

Asalin abin dai kowa a unguwarmu ya san shi. Inna Ƙaltume ta baro Damagaram da mijinta a ƙafa, suka daɗe a Sudan suna tsinkar auduga, mijin ya rasu a jirgin ruwa, ta sauka da tsohon ciki. Tana cikin ayarin masu takowa zuwa Madina naƙuda ta kama ta kusa da Badr, rana tsaka, ruwan salka ya ƙare. Motar da ta tsaya ta wani Bajamushe ce daga cikin masu awon hanya. Ya kafa mata inuwa da tamfol, ya juya baya, matan ayari suka karɓi haihuwa, ya gasa wuƙarsa a wuta aka yanke cibiya. Da jini ya ƙi tsayawa, ya sa ta a mota ya yi ta gudu har iyakar Harami, inda wanda ba Musulmi ba ba ya ƙetarewa. Nan ya tare wata motar ya damƙa ta. Kafin a ja, ta nuna shi da yatsa, ya dafa ƙirji ya faɗi sunansa. Ran suna ta kafe sai sunan mutumin nan, tsohon malamin ayari kuwa, ganin jariri ba uba, ya raɗa abin da ta ce.

Haka aka tafi har aikin hajjin 1981, lokacin da Safiyyatu, matar Ebarhat, ta haifi namiji. Tun ranar Inna ta yanke magana. Al'ada ce a mayar wa ɗan fari sunan kakansa, ita kuwa a wurinta wanda ya tsaya a matsayin uba ranar Badr shi ne kaka. "A yi wa mutumin nan takwara," in ji ta. "Kada sunansa ya ƙare a kan mutum ɗaya, ina da rai ina kallo."

Sai dai jaririn yana da wani kakan mai rai. Malam Balarabe, uban Safiyyatu, tela ne haifaffen Madina, shi ke raɗa suna a unguwar, kuma ba ya sa almakashi sai ya auna sau biyu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce wa Ebarhat, "Ya waladi, ɗana, ba na yanka rago a kan sunan da ban san me yake nufi ba. Kawo ma'ana, da shahid guda, wanda zai ba da shaida. In mai kyau ce, ala rasi, na ɗauka a kaina, da bakina zan faɗa. In ba haka ba, khalas, magana ta ƙare."

To ina za a samo Bajamushe a Madina? Ebarhat ya rame a 'yan kwanakin nan. In ya koma gida, Inna ta bi shi da ido. In ya bi ta gaban shagon surukinsa, keken ɗinki ya tsaya. Na ba shi shawara ya ƙirƙiro wata ma'ana mai daɗi, wa zai je Jamus ya bincika? Ya kalle ni kamar na ce ya sha giya.

Ana gobe suna, da hantsi, wasu dogayen motoci suka tsaya a miƙati, ƙura har gilashi. Turkawa ne masu aiki a Jamus, suka taho ta ƙasa. Na ga Ebarhat ya bar rumfa a buɗe ya shiga cikinsu yana dafa ƙirji yana faɗin sunansa, wasu na dariya, wasu na kauce masa. Na sauke tukunya na bi shi. Can muka dace da wani dattijo mai furfura, ya riga ya ɗaura harami, yana ɗan taɓa Larabci. Da ya ji sunan sai fuskarsa ta washe. Ya ce shugaban aikinsu a masana'anta haka sunansa, tsohon suna ne, can ma sai a wurin tsofaffi, ba a cika sa wa yaran yanzu ba.

"Ma'ana fa, ya hajji?" in ji Ebarhat.

Dattijon ya ce kalma biyu ce aka haɗa. Ta ƙarshen tana nufin ƙaƙƙarfa, mai taurin zuciya. Ya gyara mayafinsa, ya dubi motarsu.

"Ta farkon fa?"

Ya ƙi faɗa. Ya ce yana cikin harami, ba ya son ya ɓata wa kowa rai. Ebarhat ya riƙe masa hannu, ya haɗa shi da Allah. Mutumin ya kai yatsu biyu gefen baki kamar haure, ya sassauta murya. Namijin aladen daji. Ya yi sauri ya ƙara da cewa su a can yabo ne, kamar a ce wa mutum zaki, amma Ebarhat ya riga ya saki hannun.

Na ji tausayinsa har cikin raina, na kuma ji haushin Bajamushen da ban taɓa gani ba. Duk sunayen duniya! A hanyar komawa rumfa na ce, "Rabin ai gaskiya ne. Ka ce jarumi, mai taurin zuciya, ka tsaya nan. Ni ne shaida, zan gyaɗa kai." Sai ya zauna yana ninke haramin da yake a ninke.

Washegari bayan sallar asuba tsakar gidan ta cika. An shimfiɗa tabarmi, ga dabino da gahawa, ga rago a ɗaure, mata suna bayan labule, Inna a cikinsu. Malam Balarabe ya zauna a kan buzu, ya jira kowa ya yi tsit.

"Ɗayyib, to. An samo?"

"An samo, ya ammi," in ji Ebarhat, wato baffa, yadda ake kiran babba a Madina.

"Faɗi."

"Ƙaƙƙarfa," in ji Ebarhat. "Mai taurin zuciya."

Aka ɗauki masha Allah. Daga bayan labule wata ta fara guɗa. Malam Balarabe bai motsa ba, ya juyo gare ni a hankali, ya ce, "Jumare, kai ne shahid. Don Allah da ya halicce ka, haka ne? Ba ragi?"

Ni da na yi alkawarin gyaɗa kai, wuyana ya ƙi lanƙwasuwa. Na dubi labule, na dubi rago, na buɗe baki ban san abin da zai fito ba.

"Da saura," in ji Ebarhat. Ya miƙe tsaye ya faɗi ɗaya rabin da ƙarfi, yadda ba wanda zai ce a maimaita.

Guɗar ta yanke. Wani ya yi a'uziyya, wani yaro ya ƙyalƙyale aka make shi. Malam Balarabe ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce a miƙo jariri, ya raɗa masa Idrisa, aka shafa fatiha, aka kayar da rago. Da mutane suka fara watsewa ya jawo surukinsa gefe, murya a tausashe. "Kai ma in kana so a canja maka yau. Sunna ce, ba aibu."

"Ba ni na sa ba, ya ammi. Ba ni zan cire ba."

Daga bayan labule kuwa ko tari babu. Shirun nan ya fi ba ni tsoro fiye da komai, domin na san Inna: in ta juya wa mutum baya, ta juya ke nan. Ebarhat ya je bakin ƙofa ya durƙusa, kansa a ƙasa. Ina tsaye nesa kaɗan da butar shayi, na kasa tafiya.

"Indo, miƙo mini jaririn," muka ji Inna ta ce wa wata maƙwabciya. Da aka miƙa mata sai ta ce, "Sun yanka ragonsu, Allah ya raya. Ni dai ban ga alade a hanyar Badr ba, mutum na gani. Sunan da kaka ta sa wa jika kuma ba ya buƙatar rago." Sai muryarta ta sauya, irin ta tsohuwa mai tsokanar jika. "Kai, angona, buɗe ido ka ga matarka. Ebarhat! Ebarhat!"

Ebarhat babba ɗan farinta ne. Tun da aka haife shi, saboda kunya, sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba, sai dai "kai" ko "yaron nan". Na ga kafaɗunsa sun girgiza.

"Na'am, Inna," ya ce.

"Ba da kai nake ba," in ji ta. "Tashi ka kai wa baƙi nama."