Mai Tsayawa In Ba a Kallonsa

Shekara goma sha ɗaya Injiniya ya yi yana aiki ɗaya tak a wani kamfanin manhaja, a hawa na uku. Shi ke rubuta 'yan layukan umarnin da ke lura da tagar manhaja a fuskar kwamfuta. In mai kwamfutar ya naɗe tagar, ko wata ta hau kanta ta rufe ta, sai komai na ciki ya tsaya cak don kada batir ya ƙare a banza. In aka buɗe, sai ya ɗora daga inda ya tsaya.

Aikin ya bi jikinsa. A ofis ba wanda ya lura, don a can kowa ma sai manaja na kallo yake motsi. Matarsa ce ta gano. Ta shiga kicin ɗauko gishiri, ta fito ta tarar da cokali a tsaye tsakanin kwano da bakinsa.

"Baban yara, lafiya?"

"Lafiya lau," in ji shi, ya ƙarasa lomar. "Ba kya kallo, to wa zan taunawa?"

Haka aka yi ta zama har ƙanwarta ta haihu a wani gari, ya zama dole ta je ta yi mata mako guda. Yara duk suna makarantar kwana. Kwana bakwai ke nan ba ido a kansa, ba ci ba sha. Gawa za ta tarar, a zaune kuma.

Ta roƙi maƙwabci ya riƙa leƙowa. Ya ce shi ma yana da abin kallo a gidansa.

Ranar tafiya ta ciro madubin bango ta damƙa masa.

"Ga mai kallonka nan."

Ya daɗe yana nazarin mutumin ciki. "Wannan ai ni ne. Ba mu taɓa gwada irin wannan a ofis ba."

"Yana kallonka ko ba ya kallonka?"

"Yana kallona."

"To ka ci abinci, don Allah."

Da ta dawo ta same shi da ransa, yana wanke kwano da hannu ɗaya, madubi a ɗayan, idanu jajur. Tun ranar farko ya hango matsalar: in ya rufe ido biyu lokaci guda, mai kallon ya tafi, kuma ba mai dawo da shi. Don haka ɗaiɗai yake ƙifta su, barci kuwa ko gyangyaɗi bai yi ba.

Ta ajiye jaka, ta karɓe madubin, ta jawo kujera bakin gado.

"Kwanta," ta ce. "Ina kallonka."