Gidan Surukaina a Tsakar Ɗaki

Ni dai karatuna bai yi nisa ba. Aji biyu na yi a elemantare, aji na uku kuwa ta taga na hango shi. Saboda haka duk ɗan bokon da ya ga na yar da wasali a hanya, ya tsince shi ya riƙe, na bar masa. Amma akwai fannin da na ƙware a kansa tun ban iya ɗaura wando ba, kuma babu malamin da ya koya mini, shi ne ginin ƙananan tubala.

A Bungudu aka haife ni. Da rani in magina sun sauka bakin kududdufi suna kwaɓa jar ƙasa da ramno, suna dunƙula tubali suna jerawa a rana, mu yara muna gefe muna satar kwaɓin. Nasu tubalin sai da hannu biyu ake ɗauka, namu bai wuce dabino ba, amma siffar ɗaya ce, gindi da faɗi, kai a tsuke. Sillen kara shi ne azararmu. Indararo kuwa bututun gashin zabo muke yankawa. Na gina zaure, na gina rumbu, har soro mai zanko na taɓa tayarwa, wani akuya ya zo ya yi masa hukunci.

Ranar da na bar wannan gini, innata ce ke kan gwiwa. Mata suka kore mu, suka ce mu tafi mu yi wasa. Na tafi na yi wasan kamar yadda aka ce, na yi ta gini har la'asar. Da na dawo na iske an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza zaune, ba mai magana. Ita da abin da ke cikinta duk ba a samu ba. Ban sake taɓa kwaɓaɓɓiyar ƙasa da sunan wasa ba sai da na yi gemu.

A alif ɗari tara da hamsin da 'yan kai, kafin a ba mu mulkin kai, ina Gusau ina aikin sikeli a wani kamfanin sayen gyaɗa kusa da tashar jirgi. Na auri 'yar mutanen Tsafe, muka kama ɗaki a gidan wani dattijo mai fataucin goro, can wajen Sabon Gari. Da cikinta na fari ya tsufa, farkon damina, gwaggonta ta zo ta tafi da ita gida goyon ciki, kamar yadda aka saba. Suka bar ni da ɗaki fayau, da tabarma, da kasko.

Yaran yanzu ba za su gane abin da ya biyo baya ba, sai na yi musu bayani dalla-dalla, kamar yadda ake yi wa Bature. A lokacinmu miji ba ya tambayar lafiyar cikin fari. Ba ya ambatonsa. Ba ya zuwa gidan surukai ya ce ya zo dubiya. In ka kuskura ka tambaya, ka zama abin labari har jikokinka: ga marar kunyan nan da ya bi mata har gidan ubanta. Abin da aka yarda ka yi shi ne ka aika da itacen wankan jego, ka koma ka zauna kamar ba kai ka jawo ba. Na aika da itace. Bayan 'yan kwanaki na sake aikawa, ko mai kaiwa zai dawo da wata magana. Da na aika na uku sai aka ce a gaya mini ya isa, ba giwa za a dafa ba.

Ga shi damina ce, ba gyaɗa, ba awo. Sikeli na rataye, ni ma ina rataye. Abin da na sani game da haihuwa guda ɗaya ne tak, kuma a Bungudu na koye shi.

Maigidan namu mai goro yakan ci kasuwar Tsafe. Duk ranar da ya dawo zan tare shi a zaure in karɓi kayansa, in kawo ruwa, in yi ladabi irin wanda ban taɓa yi wa ubana ba.

"Baba, an dawo lafiya? Ya mutanen Tsafe?"

"Lahiya lau. Goro dai ya yi kwantai. Daushe anka cika kasuwa da shi."

"To, Allah ya kyauta. Garin dai lafiya?"

"Ruwa ya yi gyara. Gero har ya hwara ɗaukar ciki."

Sai ya dube ni ta wutsiyar ido, don shi ma ya san abin da ya faɗa. In ce, "Madalla." Ya ba ni labarin jakin da ya faɗa rijiya, da rigimar mahauta, da motar da ta kafe a laka. Gidan da nake son ji kuwa ko kusa da shi ba ya bi. Ba mugunta ba ce. Shi ma kunyar yake taya ni, yana kuma jin daɗinta fiye da ni.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, gefen katangar bayan gida ya zube. Na tsuguna ina duban jar ƙasar, jiƙaƙƙiya, mai danƙo. Ban san lokacin da hannuna ya ɗiba ba. Kafin in farga na jera tubala a kan gwiwata, kowanne kamar dabino, gindi da faɗi, kai a tsuke. Kuma a karo na farko tun tafiyarta na ji ƙirjina ya ɗan saki.

Duk magini ya san ba a yin tubali da damina, don ba ranar da za ta busar da shi. Ni da yake injiniya ne mai zurfin tunani, sai na kwashe su na kai ɗaki, na hura gawayi, na riƙa gasa su a kaskon matata kamar mai tuyar waina. Na share tsakar ɗakin na ja layi da tsinke, na fara aza harsashi.

Ban yi niyyar gina gidan kowa ba. Sai da zaure ya tashi, na ga na karkatar da zankon hagu da gangan, sannan na gane gidan surukaina nake ginawa, don nasu zankon haka yake a karkace. Na je bakin layin dogo na tsinto dutse na ajiye a baya, ya zama dutsen Tsafe. Zaure da katanga ba su ba ni wuya ba, na sha zama a gabansu lokacin neman aure. Cikin gidan ne matsala. Sau ɗaya aka taɓa shigar da ni gaida surukuwata, kuma kaina a sunkuye na shiga, a sunkuye na fito. Abin da na gani a gidan nan ƙafafuna ne da wata kaza.

To a ina take kwana? Na gina mata ɗaki a gabas, na ga ya yi kusa da turken awaki, na rushe. Na mai da shi kudu, na tuna can ruwa ke gangarowa daga dutse, na rushe. Abin da ya fara da sauƙin zuciya ya koma wani ciwon. In na tashi da safe na ga bangon ɗakinta ya tsage, sai in kasa karya kumallo. Ran da rufinsa ya rufta saboda sillen karan ya sha danshi, na fita na tsaya bakin hanyar Tsafe har azahar ina duban fuskar duk wanda ya sauko daga mota. Na san ƙasa ce, na san shirme ne, na yi istigfari. Na kuma koma na gyara rufin.

Ana haka uwargidan mai goro ta ɗaga labule za ta ari kasko. Ta gan ni tsugune, gemu duk laka, ga ƙaramin gida a tsakar ɗaki, ga hayaƙi na tashi. Ta yi salati ta koma da baya, ko takalminta ba ta tsaya ɗauka ba. Jim kaɗan sai ga maigidan da kansa. Ya daɗe yana kallo daga bakin ƙofa.

"Malam, wa za ka saukarwa cikin wanga gida?"

"Ba kowa, Baba. Wasa ne."

"Wasa." Ya jinjina kai. "Su anka ce ka gina musu, ko kai kag ga dama?"

Nan na gane ya ɗauka ɗakin iskoki nake yi. Na rantse, na karanto masa abin da na sani na Alƙur'ani don ya ga da hankalina. Ya ce ai su ma suna karatu. Da yamma ya aiko mini da rubutu a ƙwarya, na shanye don a zauna lafiya.

Da ya dawo daga kasuwar Tsafe ta gaba, bai jira na gaishe shi ba.

"Na ɗan shaida ma surukinka halin da aka ciki. Hakki na. Amma kada ka damu, a asirce munka yi ta. Daga ni sai shi, sai wanzamin da ke yi mai aski."

Wanzami! Da ya hau dutsen Tsafe ya yi shela da ya fi rufa mini asiri. Na zauna a ƙasa. Ba sunan mahaukaci ya dame ni ba, wannan ko yanzu akwai masu kira na da shi. Abin da na hango shi ne mace da ciki wata tara, tana zaune, wata mai baki ta shigo ta ce, "Ke, kin ji mijinki ya taɓu?" Na sha jin firgita na tayar da naƙuda ba lokacinta ba. Na yi ta kiyaye kunya don kada a yi mini dariya, ga shi da hannuna na aika mata da abin da zai iya kashe ta. Na yi shirin tafiya Tsafe, na sa riga, na kai bakin tasha, na tuna in mahaukaci ya bayyana a ƙofar gida ai labari ya tabbata. Na dawo. Kwanakin nan ko tubali ɗaya ban iya dunƙulawa ba.

Ran nan da hantsi na ji sallama a tsakar gida, muryar tsohuwa. Kakar matata ce, wadda ta haifi ubanta, da sandarta da ƙunshinta, motar kasuwa ta sauke ta. Ita ce mutum ɗaya a duk dangin da ba kunya tsakaninmu, angonta take kira na, ni kuma in ce ta tsufa na fasa. Ita kaɗai zan iya tambaya kai tsaye. Amma da na gan ta sai na fasa tambayar, don na san tsohuwa ba ta hawa mota da damina a banza, na kuma san mai kawo labarin mutuwa ba ya faɗa daga tsaye. Sai ya zauna, ya sha ruwa, ya yi doguwar gaisuwa.

Ta zauna. Ta nemi ruwa. Ta fara gaisuwa.

"Ina gajiya? Ina aiki? Ina ruwa? Ya zaman kaɗaici?"

Ina amsawa, ina kallon bakin zanenta ko zan ga alamar ta share hawaye da shi. Ta sha ruwan a hankali kamar mai shan zuma. Sannan ta ce, "To, angona, nuna min haukan. Kuɗin mota nib biya."

Na ɗaga labule. Ta shiga ta dogara sanda, ta sunkuya. Ta daɗe. Sai ta sa kan sandar kusa da zankon hagu.

"Wanga ai zaurenmu na. Har karkacewar." Ta bi katanga da ido, ta ga dutsen, ta yi wata 'yar dariya ta hanci. "Cikin kau, wane makaho yag gina shi? Mi ag wanga?"

"Ɗaki ne, Inna."

"Ɗakin wa?"

Na dubi ƙafafuna.

"Nan ai makewayi na, ɗan banza. Nan ka aje min jika?" Ta matsar da sandar zuwa wani fili da na bari kusa da rumbu, ta ƙwanƙwasa ƙasa. "Ga ɗakina nan. Nan take tun da taz zo, bayana take kwana. Nan kuma tad durƙusa shekaranjiya."

Na dafa bango, na gaske.

"Ta sha wuya, ba ni ɓoye maka. Kwana da wuni muna abu guda. Da asuba Allah ya raba. Mace anka samu, mai ƙaton kai irin naka. An so a aiko yaro, nic ce a'a, ni za ni, in gano ma idona."

Abin da ake so namiji ya ce a nan shi ne "madalla", ya kau da kai, ya yi zancen damina. Ni kuwa na ji bakina ya ce, da ƙarfi har uwargidan mai goro na ji daga tsakar gida, "Ita fa? Inna, ita fa? Tana ci? Tana magana?"

"Ji marar kunya," in ji tsohuwa. Ta kwance bakin zane ta ɓantari goro, ta tauna, ta bar ni tsaye. "Jinin ya tsaya. Kunun kanwa kau sai an ƙwace ƙwarya. Labarinka tana cikin naƙuda wata uwar iya-yi ta kai mata. Tac ce ku ƙyale shi, ba iskoki ba ne, zaman banza na. Kuma ta ba ni saƙo."

"Me ta ce?"

"Ta ce kahin ta yi arba'in ka kwashe mata ƙazantar ga daga ɗaki. Kaskonta kuma, in ka taɓa shi, ka sayi sabo."