Farin Yadin da ke Ƙasan Adaka

Da likkafanin mahaifiyata aka yi wa rigata shafi. Ni na ɗauko shi da hannuna na kai wa tela, na kuma tsaya a kansa har ya sa almakashi. Shekara uku ke nan, kuma in na faɗi wannan magana ba na jin komai a ƙirjina. Ina faɗinta ne kamar yadda nake kiran sunayen yara a aji.

Ni malamar firamare ce a Gaya, kuma tun ina budurwa aka san ni da son kwalliya. Albashin malama ba ya bin yayi, don haka tawa kwalliyar ta ido ce. Doka ɗaya gare ni: a jikin mace abu ɗaya ne ke magana, sauran su yi shiru. In riga ce mai baki, to takalmi da jaka su kama kansu. In takalmin ne zai yi surutu, sai in nemo atamfa mai sanyin launi in ba shi fili. Anko kuwa sai an matsa mini nake yi, don ban ga dalilin da zai sa mata arba'in su fito kamar 'yan makarantar kwana ba. Kuma tsofaffin kaya nake so, irin waɗanda aka daina kawowa, saboda ba za ki shiga gidan biki ki tarar da wata ta sa irin naki ba. Abokan aikina suna tsokanata wai na fi kakanninsu tsufa. Su dai suke zagayowa ranar Litinin suna tambaya ina na samo kaza.

Da kakar waccan shekarar aka sa bikin ƙanwar mijina. Takalmin na fara samu, a tulin gwanjo ranar kasuwa, na fata ne ruwan ƙasa mai ɗan tudu a dunduniya. Mai gyara ya sake masa tafi ya goge shi. Ina da murjanin kakata zuba uku. Riga ce ta rage, sai na tuna da adakar Inna.

Inna tana ƙauyenmu a ƙasar Ajingi, a ɗakin da ta zauna tun kafin mahaifinmu ya rasu. Ni ce 'yar fari, kuma Inna ta riƙe kunyar 'yar fari yadda mutanen dauri suka riƙe ta. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta ce mini "ke", sai dai ta kalli gefe ta ce "an zo?" ko "a ci abinci mana". Ba ta yi mini faɗa, ba ta kuma yi mini hirar cikinta. Abin da ƙannena suka sani game da ita, ni sai dai in tsinta a bakin wasu.

Na hau babur ranar Asabar na same ta a tsakar gida tana tsinkar gyaɗa. Bayan gaisuwa na ce, "Inna, tsofaffin zannuwanki nake so in duba, biki gare mu."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Makullin na ƙarƙashin tasa. A ɗauki abin da ake so."

Adakar ta ƙarfe ce, fentin jikinta duk ya kwaile. Da na buɗe, warin kafur ya bugo ni. A tsakiya na samu abin da na zo nema, wani leshi ruwan zuma na cikin lefenta, mai manyan furanni da huji-huji, ko sau biyar ba ta ɗaura shi ba. Irin wannan leshi dole sai da shafi, in ba haka ba jiki a waje yake. Ina tunanin haka hannuna ya kai ƙasan adakar, na taɓo wani ƙunshi a cikin tsohon kallabi. Farin yadi ne mai yawa, ba a taɓa ɗinka shi ba, ya ɗan yi ƙarfi, farinsa ya kwanta ya koma kamar na madara.

Na shimfiɗa leshin a kansa a bakin ƙofa inda haske yake, sai na ji daɗi har cikin raina. Sabon fari na kanti zai yi ihu a ƙarƙashin tsohon leshi, ya tona masa asirin shekaru. Wannan kuwa tare suka tsufa. Abin da na gani ke nan, kuma shi kaɗai na gani. Na cusa su a jaka, na nuna wa Inna bakin leshin kawai, don a ganina farin yadi bai kai a yi maganarsa ba. Ta ce, "A kashe lafiya."

Telana dattijo ne a bakin kasuwar Gaya, shi ke yi mini ɗinki tun ina amarya. Da ya warware farin yadin sai ya tsaya, ya murza shi, ya kai hanci.

Ya ce, "Malama, wannan daga ina?"

Na ce, "Daga adakar tsohuwata. Wani abu ne?"

Ya ce, "A'a. Na dai ce ko za a sake tambayarta."

Raina ya ɓaci, don a lokacin ba na son a ja da ni a kan abin da idona ya riga ya yanke. Na ce, "Baba, ita ta ce in ɗauka. Biki saura kwana tara, in ba za ka iya ba in kai wani wuri." Ya dube ni, ya yi bismilla, ya yanka.

Rigar ta fito yadda na zana ta a kaina. Doguwa ce har ƙasa, mai faɗin hannu, babu dutse babu kwalliyar zare, furannin leshin kawai a kan farin nan mai sanyi. Ranar yini na sa ta da takalmin gwanjo da murjani, na yi ɗauri da wani ɗankwali marar ado, na yafa mayafi ruwan madara. Ko ɗankunne ƙarami na sa. 'Yan anko sun cika gida da shuɗi mai walƙiya, ni kuwa na shigo a hankali na gaishe da surukata. Wata ta ce, "Kai, Malama, yau kin kashe mu." Wata ta kama hannun rigar tana tambaya ko daga Dubai aka kawo. Na sha hotuna, na yi rawa har na yi gumi.

Da la'asar Inna ta iso tare da Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda suka je Makka tare shekarun baya. Na durƙusa gabansu a ɗakin tsofaffi. Inna ta kalli leshinta, na ga bakinta ya motsa kamar za ta yi murmushi. Sai ta miƙa hannu ta kama bakin rigar, ta juya kalmasa, ta murza shafin da yatsu biyu. Ta daɗe tana murzawa. Sannan ta sake shi, ta gyara mini shi a kan ƙafata.

Ta ce, "Ta yi kyau."

Ko ruwa ba ta sha ba a gidan. Kafin magariba ta ce kanta na ciwo, aka samo mata mai adaidaita.

Gwaggo ce ta ja ni bayan rumbu. Ita ba ta da kunyar kowa. Ta ce, "Ke wace irin yarinya ce? Kin san abin da ke jikinki?"

Na ce leshin Inna ne.

Ta ce, "Na ciki nake nufi. Likkafaninta ne. A gabana ta saye shi a Makka, ta wanke shi da zamzam da hannunta, ta shanya shi a rana tana zaune tana gadinsa har ya bushe. Shekara goma sha tana ajiyarsa. Kowa a gidan ya sani."

Kowa ya sani ban da ni. Na tsaya ina kallon bakin Gwaggo yana motsi, kiɗa na tashi a tsakar gida. Na jira in ji tsoro ko kunya, babu wanda ya zo. Abin da kawai na ji shi ne takalmin yana matse mini ɗan yatsa.

Washegari na zauna da reza na farke shafin ɗinki bayan ɗinki. Na koma wurin tela ya tattaro mini ƙyallayen da suka rage. Na wanke, na goge, na kai Ajingi na zube a gaban Inna. Ga gaba, ga baya, ga hannuwa biyu masu lanƙwasa, ga ramin wuya. Duk wanda ya gani ya san riga ce.

Na ce, "Inna, ki yafe mini. Ban sani ba."

Ta kalli bango ta ce, "Ai ba a sani ba. A mayar da shi jikin rigar, kada a yi biyu babu."

Na ce zan sayo sabon yadi, akwai masu zamzam a jarka, sai a yayyafa masa.

Ta ce, "Ƙasa ba ta zaɓen yadi." Sannan ta ƙara da cewa, "Can ɗin ne dai. Ranar Makka ce ta busar da shi."

Iyakar abin da ta taɓa faɗa ke nan a kan maganar. Da ta zage ni da na samu abin riƙewa.

Akwai shugabar makarantarmu da ta samu kujerar Makka a aikin Hajjin da ke tafe. Na sayi farin yadi mai kyau na kai mata, na roƙe ta ta wanke shi a can ta shanya a can. Ta karɓa ta ce in Allah ya yarda. Da na gaya wa Inna sai ta ce, "An wahalar da baiwar Allah." Na ɗauka abin bai dame ta ba. Amma ƙanwata ta ce mini tun daga ranar da maniyyata suka fara tashi, Inna ba ta barin rediyo ya yi nisa da ita.

Ciwo ya kama Inna ana saura kwana biyu Babbar Salla, daidai saukar ruwan shuka. Zazzaɓi ne da tari, irin wanda ta saba yi ta tashi. Muka kai ta asibiti aka ba ta magani muka dawo. Na tare a ƙauye. Ina dama mata kunu, ina juya ta, ina wanke mata zane, duk ina yi kamar aikin wani nake taya shi. Kullum da safe in na shiga, sai ta kalli ƙofa ta ce, "Mahajjata sun fara sauka?"

Sai in ce, "Sun kusa, Inna."

Na kira shugabar tamu a waya. Ta ce ta wanke, ta shanya, yana cikin jakarta, amma jirginsu na cikin na ƙarshe, sai nan da mako biyu ko uku. Na gaya wa Inna an wanke. Ta lumshe ido ta ce, "Madalla." Washegari ta sake tambaya ko sun sauka.

Ranar Laraba da hantsi ta cika. Mata suka yi salati, ƙannena suka faɗi suna kuka, ni kuma na tashi na ɗora ruwan wanka. Wata maƙwabciya da ba ta san zancen ba ta ce a buɗe adaka a ɗauko kayan Hajiya, ai ta daɗe da shirinta. Babu wadda ta kalle ni, kuma rashin kallon ya fi kallo. Gwaggo ta leƙa zaure ta ce wa ƙanena ya hau babur ya yanko alawayyo a cikin gari.

Ya dawo da shi a baƙar leda, fari fat, da tambarin kamfani a gefe. Maza suka ɗinka a zaure. Gwaggo ta zaro mafi girma a cikin ƙyallayen da na kawo, ta gwada ko zai yi kallabi, bai zagaya kan ba. Ta ninke ta ajiye. Kafin azahar an kai Inna.

Mutane suna ta yaba haƙurina a zaman makoki. Suna cewa 'yar fari ke nan, dubi yadda ta dake. Ba dakewa ba ce. Na nemi kukan ne ban same shi ba. Na koma Gaya na ci gaba da zuwa makaranta, abin da hannuna ya fara taɓawa da safe shi nake sakawa, in zura hijabi a kai. Leshin yana rataye a bayan ƙofa ba shafi, ana hango bango ta cikin hujinsa.

Kwana goma sha tara bayan rasuwar, shugabarmu ta dawo. Ta zo har gida ta yi mini gaisuwa, ta ajiye dabino da ƙunshin yadin a gefen tabarma. Yadin ya ɗan yi ƙarfi, kamar wancan.

Ban san inda zan kai shi ba, sai na hau babur na tafi Ajingi. Gero ya fara rufe ƙasa a gonaki. Na samu Gwaggo ita kaɗai a ɗakin Inna tana rarraba kwanuka. Na miƙa mata ƙunshin. Ta warware shi a kan gadon, ta kama bakinsa, ta shiga aunawa daga gwiwar hannu zuwa yatsa, kamu bayan kamu, tana motsa baki. Da ta kai ƙarshe ta riƙe shi a cinyarta ta daɗe.

Ta ce, "Da ya ishe ta. Har da kallabi."