Jakar da Aka Ba Habibu

A Gaya na tashi, gidan kakata Hajo mai bandar kifi, dab da bakin kogi. Da an idar da sallar magariba sai mu jikokinta mu kewaye murhun banda, hayaƙi na sa mu hawaye, ita kuwa tana juya tarwaɗa.

"To ga ta nan tafe," haka take farawa. "Wanda ya yi gyangyaɗi ba ni maimaita mishi."

Ta fi yi mana tatsuniyar dodon tsibiri. Shi ba ya kama yaro da ƙarfi. Rikiɗa yake mutum, ya zauna bakin ruwa yana jiran yaron da ya fito gida da kuka. Ya ba shi gasasshen nama, ya ce, "Su ba su san darajarka ba, ni na sani." Da wani yaro ya saba da shi, sai ya ɗora masa rufaffiyar ƙwarya cike da macizai, ya ce ya juye a rijiyar garinsu.

"Kaka, ya juye?"

"Ya iske ƙanwarsa na jan guga, hannunsa ya mutu. Ku tashi, kifina zai ƙone."

Dariya muke yi a lokacin.

Ɗana Habibu yana da shekara sha huɗu babansa ya rasu a hatsarin mota. Ya bar lakwal, wato makarantar boko, ya koma dako a bakin gada. Can wasu masu moto, wato babur, suka ja shi a jiki, suka saya masa salula. Ya daina cin abincina, ya ce sallata ba salla ba ce. Da damina ya ɓace. Na neme shi Yelu, na ƙetara iyaka zuwa Malanbil, har ƙafafuna suka kumbura.

Wata ranar kasuwa ya ɓullo a tasha, rataye da jaka. Malam Isa direba, aminin babansa, ya riƙo hannunsa.

"Habibu! Ina ka shiga? Uwarka ta kusa zaucewa."

Sai yaron ya durƙushe. "Baba, ka ce wa mutane su gudu."

Aka watse, jandarmomi suka zo suka ɗauke jakar. Allah ya kiyaye, bam ɗin da ke ciki bai tashi ba.

Yanzu yana gidan kaso a Doso. Maƙwabta sun daina sayen waina a wurina, masu moton kuma sun aiko cewa sun san gidanmu. Nakan tuna Kaka ba ta taɓa faɗa mana yadda garin ya yi da yaron nan ba, mu ma ba mu tambaya ba. Muna tsammanin da hannunsa ya mutu shi ke nan an tsira.

Da na kai masa ziyara satin jiya, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Ya ce, "Inna, in an sake ni ina za ni? Su kashe ni za su yi, gari kuma ba ya so na."

Na kwance ƙunshin abincin da na kawo masa. Sai na tura masa kwanon na ce, "Ci tukuna."