Lesin a Gonar Ilu Mai Taki

Abin nan ya faru ne shekarar da rijiyar bakin masallaci ta rufta, damina biyu bayan an sake buɗe makarantu daga hutun korona. Duk wanda ya ce muku ba haka ba ne, ku turo min shi. Ni Tabawa ban taɓa zama a aji ba, amma ba a gyara min lissafin shekaru.

Ilu dai kun san shi. Ɗan kawuna ne, taubashina. Har ya koma ga Allah "baiwata" yake kirana, ni kuwa ban taɓa amsawa ba. Mutumin nan tunda ya yi wayo bai taɓa tsallake kashin dabba a hanya ba. Na akuya ne, na jaki ne, sai ya durƙusa ya tattara, ya zuba a aljihun riga ya kai gona. In ka yi dariya ya ce, "Gero ne wannan, bai dai fito ba." Matarsa Ladi ta ce shekara arba'in ba ta taɓa sa hannu a aljihunsa ba, sai dai ta riƙe rigar daga nesa ta zazzage.

Ranar sunan jikansa na fari aka aike shi kiran liman. Muka yi ta jira har koko ya huce. Ashe jakin wani baƙo ya bi, sai da ya wuce ƙauye biyu a kan hanyar Ɗanbatta. Da ya dawo na ce, "Ilu, ina liman?"

Ya ce, "Baiwata, jakin nan na ga alama a wutsiyarsa. In bar wa mutanen wani gari?"

To, a shekarar da nake faɗa muku, hedimastan firamare Malam Nuhu ya zo mana da magana daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Suna so su haɗa hannu da ƙungiyoyin gari a riƙa yi wa yara lesin bayan la'asar, musamman 'yan aji shida masu shirin jarrabawar shiga sakandare. Ofis zai kawo allo da alli da littattafai da malama. Mu kuma mu kawo wuri, mu kawo yara, tunda firamaren tana can bakin titi da nisa. Ni ce shugabar ƙungiyar mata, ni na dangwala babban yatsana a takardar, gaban mai unguwa da kowa. Har na ce wa hedimasta, "Ka tanadi alli da yawa."

Wayyo! Ranar farko a zauren mai unguwa yara bakwai suka zo. Washegari biyar. Ba ƙin karatu ba ne. Tunda aka fara rogo da lambu ba a sakin dabbobi da rani, yaro yana dawowa daga makaranta za a miƙa masa igiyar awaki. Bayan mako biyu Malam Nuhu ya same ni a gida, yana ta murza hula. Ya ce, "Gwaggo, ofis sun ce in yara ba su taru ba kafin ƙarshen wata, za a mayar da lesin Hayin Rafi."

Hayin Rafi! Mutanen da har yau suke mana gorin sun riga mu samun injin niƙa! Ga kuma yatsana a takarda!

Ina zaune sai ga Ilu, ya tsaya a bakin ƙofa yana wari irin nasa. Ya ce, "Na ji an ce baiwata ta kira taro awaki sun hana. A kawo makarantar gonata, ƙarƙashin gawo."

Na dube shi da kyau. Wannan fa mutumin da ko kaza ta ratsa masa kunya sai ya bi ta har gida ya kai ƙara. Na ce, "Ilu, lafiyarka?"

"Sharaɗi ɗaya. Kowane yaro ya zo da awakinsa."

"Wanda gidansu ba akuya fa?"

"Ya aro."

Kafin gari ya waye sau biyu ya kafa turaku sahu-sahu, ya kaɗo 'ya'yan gawo ya tara musu. Iyaye suka ga yaro zai yi karatu, akuya za ta ƙoshi, kowa ya saki nasa. Malama Hassana, yarinyar da ofis ya turo daga Dawakin Tofa, ta zo ta tarar da yara sun fi arba'in, awaki kuwa ban ƙirga ba. In ta ce "biyu sau biyu", yara su amsa, bunsurun gidan liman ma ya amsa.

Sati guda ana haka, ta zo ta ga allo ya tashi daga inda ta bar shi, turaku ma sun bi shi gabas. Ta ce, "Baba, wa ya matsar min da aji?"

Ya ce, "Ni ne, Malama. Wancan gefen ya ƙoshi da ilimi."

Haka ya dinga yawo da su kowace Asabar, har sai da suka zagaye gawon nan kaf. In ta ce an tashi, ya leƙa bayan turaku ya dawo ya ce, "Malama, ɗan ƙara musu lissafi ko guda biyu. Jar akuyar can ba ta yi komai ba tukuna." Yarinya tun tana jin kunya har ta saba, ita da kanta take tambaya, "Baba, mu tashi ko da saura?"

Ƙarshen wata jami'in ofis ya zo a kan babur, ya ƙirga yara, ya sake ƙirgawa, ya yi ta murmushi. Ya kama hannun Ilu ya ce, "Baba, me ya sa kake son ilimi haka?" Na ga bakin Ilu ya buɗe zai faɗi gaskiya, na yi wani irin tari da sai da aka kawo min ruwa. Jami'i ya ce lesin ya zauna, amma sai ya kai yaran har ranar jarrabawa ba yankewa, sannan a sabunta mana takarda. Zai tafi, Ilu ya zagaya babur ɗin, ya durƙusa ya duba bayansa, ya girgiza kai. Ya ce, "Ranka ya daɗe, duk tafiyar nan da ya yi, hayaƙi kawai? Allah ya ba ka jaki."

Ni duk na manta da abu ɗaya: damina. Saura kwana ashirin da wani abu jarrabawa, ruwa ya sauka mai yawa. Kun san garinmu, gona ta haɗe da gona, har gindin danga ana shuka, babu filin da za a shimfiɗa tabarma uku. Awaki kuma an ɗaure su a gida, ba wanda zai sake fitowa da su. Wato abin da Ilu yake nema ya ƙare. Ga wuri ya sha taki wata huɗu, baƙi ƙirin, irin wanda bai taɓa samu ba a rayuwarsa. Shi kuwa mutum ne da ko ruwa bai sauka ba yakan yi binne. Na ce shi ke nan, Hayin Rafi sun ci.

Da hantsi na ɗauki mayafi na tafi in roƙe shi, ni da ban taɓa roƙonsa ko allura ba. Na tarar ya shuke gonar tun daga iyaka, amma ya bar kewayen gawo ba rami ko ɗaya. Yana tsaye a kan turmi yana ɗaura rumfa, saboda gawo ya fara zubar da ganye. Da karansa fa! Karan da ko na hura wuta ba ya ba maƙwabci.

Na ce, "Ilu, nan fa?"

Bai juyo ba. Ya ce, "Iri ne ya ƙare."

Ga ƙwaryar iri a gefe, cike har baki. Na buɗe baki, ya ce, "Ke dai miƙo min igiya, aikin baiwa ke nan." Na miƙa masa. Ranar kaɗai ban rama ba.

Kwana ashirin da ukun nan Allah kaɗai ya san yadda ya yi su. Geron maƙwabta ya kai ƙwauri, nasa wurin mai kyau yara suna ta daɓe shi da ƙafa. Kullum zai tare Malama ya ce, "Saura kwana nawa?" Ta faɗa. Ya ce, "Gwamnati ba ta matsowa da shi?" Amma bai taɓa cewa a tashi ba. Ranar jarrabawa kuwa, wallahi yara ba su gama shiga mota ba na ji saran sungumi. Lokacin gero ya wuce, sai wake ya zuba, yana yi yana mita.

Aka sabunta takarda, na sake dangwala yatsa. Yaranmu da suka wuce sakandare a shekarar, iyayensu na nan, ku tambaye su. Ilu ya sake yin rani ɗaya da su, ya sake barin wurin da damina, sannan ya kwanta ciwon kwana uku bayan an yi girbi.

Mai unguwa na lokacin ya rasu, liman ma ya bi shi. Malam Nuhu ya yi ritaya yana Rimin Gado. Malama Hassana tana nan da 'ya'yanta biyu, har yau ita ke zuwa, 'ya'yan Ilu ba su rushe rumfar ba. Sai Ladi, sai ni. Allah ya jiƙan ɗan kawuna, ya yafe masa, ya sanya ladan kowane baƙi da yaran nan suka koya a mizaninsa. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.