Mutumin da ya rufa mini asiri a kan fanka

Da safen nan ina ɗaura takalmi aka kira ni, wai Malam Habu mai gyaran kwamfuta ya rasu. Tun ɗazu na kasa zama wuri ɗaya.

Bari in faɗi abin da ban taɓa faɗa ba.

Bara da damina ta ƙi, biron ƙungiyarmu, wato ofishinmu, shi ke tattara sunayen gidajen da za a ba hatsi, daga Tsauni har Ɗan Barto. Duk sunayen suna dosiye ɗaya, wato fayil, a rezon da ya haɗa kwamfutocinmu huɗu, kowacce na shiga. Sai dosiyen ya fara iskanci. Yanzu ya buɗe, anjima ya ce babu shi. Ranar da motar hatsi ta koma ba a sauke buhu ko ɗaya ba saboda rashin sunayen, shugabanmu ya rantse duk mai hannu a ciki zai bar aiki.

Malam Habu ya zo daga Damagaram a kan babur. Ya duba wayoyi, lafiya lau. Ya ce, "Ciwon da ke zuwa yana tafiya, zama ake yi a jira shi." Ya ja kujera, kwana biyu yana rubuta lokacin da abin ke yankewa.

Ashe ni ne. Tun hawan sojoji mulki wutar lantarki ta zama sai an ga dama, soket ɗaya ke aiki da sola. Zafi na tashi sai in zare wani ɗan baƙin akwati in sa fanka. Wallahi ban san shi ke haɗa kwamfutocin ba.

Malam Habu ya gan ni da idonsa ina zare shi. Na tuna rantsuwar shugaba, ga 'ya'yana biyar.

Da shugaba ya tambaye shi, cewa ya yi, "Soket ne ya yi kaɗan, Alhaji." Ya ƙara wani, ya tafi.

Kunya ta sa na riƙa kauce masa. Juma'ar da ta wuce ya tare ni a tashar Matameye yana dariya: "Issufu, dosiye na buɗewa?" Na ce yana buɗewa. Na so in ce na gode, amma na ce a raina sai wani zuwan.

Abin da ke cina ke nan.

Ya Allah, yadda bawanka Habu ya rufa mini asiri, ka rufa masa nasa ranar da ba mai rufawa sai kai. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a, ya taya ni godiyar da ban yi ba.