Laujen Sixten

A gaishe da kamfani. Duk wanda ya shiga coci ranar Juma'ar da ta wuce ya ga furen da suka aiko, kuma zai shaida ba su yi rowa ba. Sai da ƙarti biyu suka ɗauko shi. Ya fi na iyali tsawo, ya rufe rabin akwatin gawa, ga ƙyalle mai sheƙi an rubuta "Aminin tafki". Sixten, masu neman sayen filinka ne fa, mutanen da ka sallama daga ƙofar gidanka har sau uku ba tare da ka ba su ko kofi ba, amma dubi yadda ba su riƙe ka a zuci ba. Irin wannan haƙuri sai wanda ya san abin da yake jira.

Sixten Almgren, manomi a gaɓar tafkin Tolgen, ya rasu ranar Talata, ashirin da bakwai ga Mayu, yana da shekara tamanin da ɗaya. 'Yarsa Ylva ce ta same shi da hantsi a bayan barga, zaune a kan kututture, dutsen washi a hannu, dogon laujensa a kan cinya. Likita ya ce zuciya ce.

Ni ne Torgny mai bandar kifi a kasuwar Asabar. Bakina ne jarina, na sha sayar da kifin jiya da sunan na yau, mai saye ya tafi yana godiya. Don haka wanda ya ƙi yarda da yabona bai yi laifi ba. Amma yau ba talla nake yi ba, Sixten, da kai nake.

Kowa a ƙasar nan da haƙƙinsa aka haife shi: ya kafa tanti kwana ɗaya ko biyu a ƙasar kowa, muddin ba a gindin gidan mutum ba, ba kuma a kan amfanin gona ba. Ciyawar da ke tsaye kuwa amfanin gona ce, ita shanu za su ci da hunturu. A gandun gwamnati da ke gabashin tafki an hana tanti sai a sansani ɗaya, shi ma tun Fabrairu gurabensa ke cika. Sauran gaɓar duk gonaki ne. Wato haƙƙi yana nan a takarda, wurin da za a shimfiɗa shi ne babu.

Sai kai. Kowace shekara, ana saura mako guda bikin tsakiyar bazara, ka saɓa lauje ka gangara, ka yanke ciyawar tun daga babbar bishiyar nan har bakin ruwa. Tarakta ba ta shiga, duwatsu sun yi yawa. Ciyawar ba ta gama ƙosawa ba, asara ce tsantsa, maƙwabta suna ta yi maka dariya ta kan shinge. Ba ka taɓa kafa allo ba, ba ka taɓa ce wa kowa bismilla ba. Ka dai yanke, ka kwashe, ka koma gida. Fili ya daina zama gona, wanda ya zo ya gani ya gane.

Haka ni ma na gani, shekara talatin da huɗu da suka wuce, lokacin da matata ta canza makullin gida, kuma ba zan ce ta zalunce ni ba. Na iso da tsohuwar motata da tantin aro. Safiya ta uku sai ga ka da butar kofi.

"Kai mai kifi, ka san doka kuwa?"

"Na sani, tsoho. Yanzu zan tattara."

"Kwana biyu a wuri ɗaya ta ce. Zare turakun ka matsa taku uku, ciyawa ta sha iska."

"In kwana biyun suka sake cika fa?"

"Ƙafarka ta karye ne?"

Kana da arba'in da bakwai a lokacin, amma sunan tsohon ya bi ka har kabari, kamar yadda mai kifi ya bi ni. Tantina ya yi tattaki daga bishiya zuwa ruwa, ya dawo, ya sake komawa, har Satumba. Marigayiya Majken, matarka, takan aje min sabon dankali a kan dutse, ta wuce kamar ba ita ba. Ko sau ɗaya ba ku tambaye ni abin da ya kore ni daga gida ba. Ni kuma ko sau ɗaya ban ce na gode ba. Na ɗauka irin wannan magana nauyi za ta yi maka.

Akwai shekarar da wani baƙo ya bar ƙofar makiyaya a buɗe. Saniyarka mafi nono ta fita, ta zurma tsakanin duwatsu, ƙafa ta karye, dole aka yanka ta. Duk ƙauye ya ce shi ke nan, Sixten ya yi hankali. Me ka yi? Ka ɗaura wa ƙofar sarƙa da dutse don ta riƙa rufe kanta. Da bazara ta zagayo ka ƙara wa filin faɗi. Na ce maka, "Tsoho, kai ba a koya maka darasi ne?" Ka ce ai ka koya, ƙofar ce ba ta da kyau.

Yanzu ga abin da ya sa alƙalamin nan ke min nauyi. Bazarar bara waccan wani mutum mai takalmi tsaf ya tsaya a teburina yana jujjuya kifi. Ya tambayi inda ya fi kyau a bakin tafki. Ni kuwa in na ga mai saye yana shakka, bakina ba ya neman izinina. Na zuba masa: yashi mai laushi, rana na faɗuwa a gabanka, babu sauro, wanda ƙarya ce, mai filin kuma tsoho ne, 'yarsa ɗaya tana birni. Har hanya na zana masa a takardar naɗe kifi. Bayan wata guda ya ƙwanƙwasa ƙofarka da sunan kamfani, ɗauke da zanen bukkoki arba'in, da shinge, da sandar ƙofa mai ɗaga kanta in an nuna mata kati.

Ka san ni ne. Asabar ɗin da ta biyo ka zo kasuwa, ka daɗe kana kallona.

"Torgny, bakinka ya fi kifinka wari."

"Tsoho, ai ni..."

"Naɗe min biyu. Na yau, ba na baƙi ba."

Iyakarta ke nan. Ba ka sake tayar da ita ba, ni ma na lafe, ina cewa sai wata Asabar. Wannan ce cutarmu a nan, muna ganin abin da ba a faɗa ba ya fi tsira. Shi ya sa ba ka rubuta komai game da filin ba, ba ka ce wa Ylva ga abin da kake so ba. Ka ɗauka wanda ya ga ana yanka shekara hamsin ba ya bukatar bayani.

Ban ga laifin Ylva ba. Aikin jinya take yi a birni, ba za ta iya da gona ba, rufin barga na yoyo, shanu an riga an raba wa maƙwabta. Bayan jana'iza, ana shan kofi da burodin kirfa a zauren coci, ta jawo ni waje, ta buɗe bayan mota, ta miƙo min abu naɗe a buhu, ashe laujenka ne.

"Baffa Torgny, ga wannan. Ya taɓa cewa in ya mutu a ba ka."

"Ni? Ni da ko gemuna ban iya askewa daidai ba? Ya ce in yi me da shi?"

"Ka san Baba. Bai ce ba."

"To ke me kika ce?"

Kafin ta amsa, mijinta Pontus ya ƙaraso yana goge baki. "Masu awon kamfani za su zo ranar Litinin bayan biki. A bar ciyawar yadda take, Torgny. Ba ma son su tarar da tantuna, a fara surutu."

Na dubi Ylva. Ta dubi takalminta. Ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba. 'Yar gidan ce ta asali.

Jiya na gangara filin. Ciyawa ta kai gwiwa, kore shar, ban taɓa ganin ta da kyau haka ba, domin ba ka taɓa barin ta ta kai haka ba. A bakin ƙofa na tarar da wata mata da mijinta da kaya niƙi-niƙi a kan kekuna, shekara tara suna zuwa. Matar ta ce, "Tsohon ya makara bana?" Na faɗa mata. Suka juya kekunansu. Ba wanda ya hana su shiga. Mutanenmu ba sa taka ciyawar da ke tsaye, kuma kamfani ya san haka sarai. Bazara ɗaya ta wuce ba tanti, sai a ce dama can ba a taɓa yi ba.

Don kada in ɓoye komai, mai takalmi tsaf ya aiko min cewa akwai rumfa mai rufi da ke jirana a cikin shinge. Shekarata sittin da shida, gwiwoyina sun gaji da ruwan sama. Ban amsa ba tukuna.

Allah ya jiƙanka, Sixten. Ban cika zuwa coci ba, ka sani, amma wannan da zuciya ɗaya nake roƙo. Allah ya gafarta maka, ya haɗa ka da Majken, ya ba ka masauki inda ba a ƙirga kwana biyu. Ya yafe wa wanda bakinsa ya riga hankalinsa. Ylva, Allah ya ba ki haƙuri da ƙarfin zuciya, ke da Pontus da 'ya'yanku da duk dangi. Haka kuma duk wanda ya taɓa farkawa a filin nan bai san wa zai gode wa ba, ina yi masa ta'aziyya, shi ma nasa ne ya rasu.

Biki ranar Juma'a ne, saura kwana huɗu. Laujen na bayan motata, ka riga ka wasa shi, ko gashi zai raba. In na yanke, na ɓata amfanin gonar da ba tawa ba, kuma rumfa ta tafi. In na bari, na gama aikin da na fara a takardar kifi. Na ƙirga furanni ashirin da uku a cocin nan, tsoho, har da nawa. A cikin mu duka da muka san inda ake sayar da fure, wa ya san yadda ake riƙe lauje?